Idanun Kan Tanki

"Malam, wace ce wannan?"

Ta ɗora wayarta a kan teburin mai fenti, tsakanin gwangwanaye da guntayen samfefa. Mutumin ya kashe injin feshi, ya zame ƙyallen da ya ɗaure hancinsa, ya leƙa. Hoton babur ɗin mijinta ne, dogon nan mai tayoyi masu haƙora da yake hawa duwatsu da shi ranar hutu. Murfin tayar gaba da na baya sun sha fenti ruwan lemo kamar faɗuwar rana. A kan baƙin tankin kuwa, idanun mace ne manya, masu lumshewa, da ɗan tawadar Allah ƙarƙashin na hagu.

Ita ba ta da tawadar Allah. Idanunta ƙanana ne, tun tana yarinya ake tsokanarta wai in ta yi dariya sai an nemo su.

Da safiyar nan mijin ya yaye tamfol daga kan babur ɗin a tsakar gida, bakinsa har kunne, ya shafa tankin da tafin hannu a hankali, irin shafar da ta manta rabon da ta samu. Jira yake ta yaba. Ta ce, "Ya yi kyau," ta koma ɗaki. A shagonta na ɗinki ta kasa zura zare a allura. A cikin bas kuwa duk macen da ta shigo sai ta bincika ƙasan idonta.

"Aikina ne," in ji mai fenti. "Akwai matsala, Anti? Ya ɓare?"

"Ba fenti nake tambaya ba. Hoton wa ya kawo maka?"

"Na matarsa."

"Ni ce matarsa."

Ya ɗago ya dube ta sosai. Ya sosa ƙeya da gindin buroshi. Sannan ya ja aljihun tebur ya fito da hoto, gefensa duk dangwalen fenti. Ita ce, ranar da suka je bakin ruwa, tana kare rana da hannu, tana dariya.

"To ta yaya wannan ya zama waccan?"

Maimakon amsa, ya ɗaga labulen leda na bayan shagon. Tankuna ne rataye a jikin waya suna shan iska, ja, kore, ruwan toka. Kusan kowanne da idanu a kai. Manya, masu lumshewa, da tawadar Allah ƙarƙashin na hagu.

"Duk matan garin nan 'yan gida ɗaya ne ke nan?" ta ce.

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ina sa hoton a gabana, wallahi ina sawa. Sai na cire tef na ja baya, in ga ita ce ta sake fitowa. Hannun ne ba ya jin magana."

"Matarka?"

"Da dai."

Ta tsaya cikin warin fenti tana kallon matar da ba ta sani ba, wadda ta tafi ta bar mutum amma hannunsa ya ƙi sakinta. Nauyin da ta wuni da shi a ƙirji ya kamata ya sauka. Sai nauyin ya gyara zama kawai. Ɗazu kishin budurwar miji take yi. Yanzu kishin wannan baiwar Allah take, da ake iya tuna idonta ba tare da hoto ba.

"Da mijina ya zo ɗauka," ta ce a hankali, "me ya ce?"

Mai fenti ya shiga goge buroshin da ba shi da datti.

"Malam, da kai nake."

"Ya daɗe yana kallo. Ya ce, 'Kai, kamar an tsaga kara.'"

Can waje wani ya tayar da babur, ƙarar ta cika shagon, ta wuce.

"Laifina ne, Anti. Ki sa ya dawo da shi. In kankare, ki zauna nan a gabana in yi naki, ko zai ɗauke ni mako."

Ta ɗauki hotonta, ta goge gefensa da bakin mayafi, ta sa a jaka.

"A'a, bar masa su," ta ce. "Kuma kar ka faɗa masa na zo. Ina so in ga ranar da zai gane."