Awon Jijiyar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, ni kuwa in amsa. Sunana Raliya. A unguwar Bracodi aka haife ni, a nan na yi makaranta, kuma Faransancin da na koya shi ya ja mini, domin duk inda za a yi da takarda ni Baba ke tasawa gaba.

Baba, Alhaji Gwadabe, ya shekara talatin da biyu yana sayar da shadda a kasuwar Treichville. Julanci, yaren kasuwar, kamar a cikinsa aka haife shi, Faransanci kuwa lambobi kawai ya ɗauka, ya bar musu sauran. Tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa, har masallaci da shi yake zuwa.

Abin ya fara ne da wani bugu da yake ji a saman cibiya in ya kwanta rigingine. Muka je wani ƙaramin asibiti bayan kasuwa. Likitar mace ce, siririya mai tabarau. Ta shafa masa mai a ciki, ta yi ta yawo da kan na'urar ekografi, mai nuna hoton cikin mutum a allo. Da ta gama, Baba ya shiga bayan labule yana goge man yana mita, ita kuma ta jawo ni gaban allon.

Ta ce akwai babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya ta ratsa ciki, faɗinta bai kamata ya wuce santimita biyu da wani abu ba. Ta Baba ta yi laushi a wuri ɗaya ta kumbura kamar tsohon tiyo, ta kai huɗu da ɗigo takwas. Ba a yin aiki sai ta kai biyar da rabi, amma lallai ya dawo bayan wata shida a sake aunawa, don saurin girmanta ke nuna ko ta kusa fashewa. In ta fashe kuwa, kaɗan ne ke isowa asibiti da rai. Ya daina ɗaga kaya, ya riƙe maganin hawan jini.

"Dites-lui bien, mademoiselle," ta ce, wato in faɗa masa sosai.

Baba ya fito yana gyara hula. "Ke, me ta ce?"

Na dube shi, na dubi ƙasa. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi zan kalla in ce cikinsa zai fashe? A gidanmu ƙarami ba ya gaya wa babba irin wannan magana, babba ake nema ya kai ta.

"Ta ce iska ce da ɗan hawan jini, Baba. A rage gishiri."

"Shi ke nan? Duk wannan dogon surutu a kan gishiri?" Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji na tsani kaina.

Da muka koma gida na kai maganar wurin babba, wato Inna, mahaifiyata. Ban ƙarasa ba ta toshe mini baki da hannu mai warin albasa.

"A'uzubillahi! Mugun baki za ki yi wa ubanki? Tofar da yawun nan. Mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa ki ce zai fashe? Kada in ƙara ji."

Na tofar. Na cusa takardar hoton a ƙasan akwatina, na ce a raina ai wata shida ba nisa, zan san dabarar da zan mayar da shi.

Wata shida ya cika, na ce masa likita na nemansa.

"Ba ke kika ce iska ce ba? To iskar ma ta fita."

Na sake gwadawa bayan Sallah, ya ce kasuwa ta buɗe. Maganin hawan jinin ya sha kwali ɗaya ya watsar. Ina gani da idona zai ture masu dako ya rungumi dilar shadda shi kaɗai, wai ya nuna musu yadda ake aiki a zamaninsu. Kullum sai in ce gobe. Haka muka ci wata goma sha huɗu.

Ranar wata Alhamis da hantsi ciwon baya ya durƙusar da shi a tsakar gida. Muka ɗauki tasi zuwa asibitin nan na bara, muka maƙale a cunkoson motoci a mahaɗar titunan Indénié kusan awa guda, yana ta zufa yana salati. A wannan karon likitar ba ta tsaya kan ekografi ba, ta tura mu sikana, babbar na'urar da ake zura mutum ciki a kwance. Da hoton ya fito ta nemo na bara a kwamfutarta, ta jera su biyu. Babu labule a ɗakin, Baba na zaune kusa da ni.

Ta nuna na hagu ta faɗi lamba, ta nuna na dama ta faɗi lamba. Lambobi kuwa Baba ba ya bukatar tafinta. Ya zaro tef daga aljihu, ya ɗora babban yatsa a kan huɗu da takwas, ya dube shi. Ya ja yatsan a hankali zuwa bakwai da uku. Ya daɗe yana kallon tazarar da ke tsakani.

"Wannan na farkon, ranar gishiri aka auna shi?"

"E, Baba."

Likitar ta dube ni, ta gane. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ci gaba da bayani, murya ƙasa-ƙasa. Da ta gama Baba ya naɗe tef ɗinsa.

"Yanzu ki faɗa mini abin da ta ce. Duka. Kada ki rage ko kamu ɗaya."

Na faɗa, ina kuka ina faɗa. Na ce bangon jijiyar ya yi siriri ta gefen baya, ciwon da yake ji ke nan. Na ce kumburin ya hau har inda jijiyoyin ƙoda suka rabu, aikin ya fi ƙarfin wannan asibiti, za a kai shi babban asibiti a kwantar, kuma mai iya irinsa ba zai samu ba sai Litinin. Na ce da mun dawo a wata shida da tuni an yi aikin cikin sauƙi. Na ce ba ta da tabbacin jijiyar za ta kai Litinin.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin kaya.

"Madalla," ya ce. "Ashe kin iya Hausa, Raliya."

Sau ɗaya ke nan da na ji sunana a bakinsa. Ranar Asabar da safe ina zuba masa shayi a gadon asibiti ya dafe ciki, kofin ya faɗi. Kafin a gungura shi zuwa ɗakin tiyata ya cika.

A wurin zaman makoki mata suna ta cewa kwana ne ya ƙare, Inna na amsawa. Ni ma na san da haka. Amma ni kaɗai na san inda yatsansa ya fara tsayawa a kan tef ɗin nan, kuma tef ɗin yana akwatina, a kan takardar da na ɓoye.