Garwashin Asibi

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan tasha a Gashua, a shekarun da kananzir ya yi ɓatan dabo, ya san gidan abincin Asibi. In bakinsa bai sani ba, to hancinsa ya sani. Asibi 'yar Bade ce daga Dagona. Da mijinta ya rasu ta shigo gari da tukwanenta, ta kama wata rumfa da ke jingine da katangar Alhaji Hashim, ta fara tuwon shinkafa da miyar kifi.

Cinikinta duka na sassafe ne. Tun kafin assalatu take hura wuta, domin direbobin da ke kai kifi da tattasai Nguru ba sa jiran rana, haka ma Fulanin da ke kora shanu kara ranar kasuwa. Su ci, su wanke hannu, su kama gabansu. Hantsi na ɗagawa tasha ta watse, sai ƙudaje.

Aibinta ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba don ina sonta: suyar attaruhu. Idan ta zuba shi a mai da asuba, har liman sai ya yi atishawa. Mu mata mun saba, mu toshe hanci da gefen zane mu ci gaba da harkarmu. Alhaji Hashim ne bai saba ba. Babban ɗan kasuwa ne, asalin kakanninsa Hadejia, kuma da cinikin tattasai ya gina gidan nan nasa, amma ƙaurin abin ne ba ya so. Ya tara mazan layi a ƙofar gidansa, ya ce ai ya ji a Nguru ma an tsara wa masu abinci lokaci, me zai hana nan. Suka ɗunguma wurin kansilan mazaɓarmu, Alamin.

Ƙaramar hukuma ta zauna ta yanke. Duk gidan abincin da ke cikin unguwa, lasisinsa bai ba shi damar hura wuta kafin ƙarfe bakwai na safe ba, kuma ya rufe da isha. Dubagari ya zo ya karanta wa Asibi. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, bakwai ai lokacin wanke tukunya ne a wurina." Ya ce shi ɗan aike ne.

Ta bi doka, don Asibi ba mai rigima ba ce. Amma mai tafiya Nguru ba zai zauna jiran tuwo ba. Direbobi suka koma wurin mai shayi. Tuwo ya riƙa kwana, kifi ya riƙa lalacewa. Ba a jima ba ta aika wa yayanta Kalli a Dagona cewa ya nema mata ɗaki, in wata ya mutu za ta dawo gida. Ranar da ta faɗa mini haka na yi baƙin ciki sosai, na koma gida ina ta sababi ni kaɗai.

To, akwai abin da mazan nan ba su sani ba, don ba sa shiga madafa. A gindin katangar Alhaji Hashim akwai wata 'yar kafa da ruwan sama ya ci. Kullum da asuba matarsa Kaltum kan tura kasko ta nan, Asibi ta cika mata da garwashi. Kaltum ta hura tata wutar, ta miƙa wa maƙwabciyarta ta saman zana, ita ma ta miƙa mini, ni ma na miƙa gaba. Haka wuta ke tafiya gida gida har ƙarshen layi, ba wadda ta taɓa ƙyasta ashana. Kokon da mazan suke sha da ruwan zafin da suke wanka, duk daga murhun Asibi suke fitowa, su kuwa suna tsammanin daga sama suke saukowa.

Ga shi dokar ta faɗo a tsakiyar damina. Itace jiƙe sharkaf, ashana ta sha sanyi, kananzir kuwa sai ka yi layi wuni guda ka dawo da galan wayam. Muka riƙa hura ɗanyen itace muna hawaye. Karin kumallo ya koma na hantsi. Mazan suka fara ƙunƙuni, kowa yana zaton matarsa ce ta koyi lalaci.

Ana haka Alhaji Hashim ya yi baƙo, wani abokin cinikinsa daga Machina, wanda zai kama hanya da sassafe. Aka kwana ana ruwa. Da aka fito masallaci Alhaji ya leƙa madafa ya ga hayaƙi kawai, babu wuta.

"Kaltum, baƙo zai tafi da yunwa daga gidana? Da can yaya kike yi?"

Kaltum ta ajiye mafici. Ita ce ta ba mu labarin daga baya, tana yi tana dariya. Ta nuna masa kafar katanga ta ce, "Da can ta nan nake yi, Alhaji. Wutar da kuka kai ƙara, ita ce ke dafa maka koko tun zuwan matar nan."

Ya tsaya yana kallon kafar kamar yau aka huda ta. Ya karɓi ashana ya gwada da kansa, ya ƙarar da kwali guda. Can ya ce, "To ki roƙe ta mana, ko kaɗan."

"Ni da wace fuska? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ga kasko nan."

Ni da idona na gan shi, ta ɓular zanana. Alhaji Hashim guda, da babbar riga, ya ɓoye kasko a ƙarƙashinta, yana tsallake taɓo. Ya yi sallama a rumfar Asibi. Tana zaune a kan turmi, murhu a kashe, rabin tukwanenta an riga an ɗaure da igiya.

"Asibi, barka da asuba. Wuta na zo nema."

"Barka kadai, Alhaji. Ai bakwai ba ta yi ba."

"Baƙo gare ni."

"Allah sarki. Amma in dubagari ya ga hayaƙi, lasisina zai ɗauke, ba naka ba. Ga benci nan, zauna mu jira tare."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ya zauna. Yana nan zaune sai ga Hamajoɗa, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe yana cin tuwonta, ya biyo da shanunsa za shi kara. Ya tsaya ya jingina da sanda.

"Jam, Inna. Yau ma babu?"

"Babu, Baffa. Ka yi haƙuri."

"Tun dare muke tafe. Shayi ba ya riƙe mutum." Ya dubi tukwanen da aka ɗaure, ya dubi Alhaji da kasko a cinya, bai san ko wane ne ba. Ya ce masa, "Malam, kai ma abin ya shafe ka ke nan. Wanda ya yi wannan aiki, Allah ya shirye shi."

Alhaji ya ce amin, don babu abin da zai ce in ba ita ba.

Bakwai na yi Asibi ta janyo busassun kara da take ɓoyewa a cikin buhu, ta hura, wuta ta kama nan take. Ta cika masa kasko. Kafin ya isa gida baƙonsa ya riga ya hau mota.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zaman majalisa na gaba Alhaji Hashim ya sake jan mazan layi, har da mijina, wanda na tabbatar ya fahimci zancen da kyau kafin ya fita. Aka kira Asibi ita ma. Alhaji ya miƙe a gaban kansila da sauran manya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kawo ƙarar nan, ni na zo janyewa. Ashe wutar da nake kuka da ita tawa ce."

Kansila Alamin ya ce hukuma ba riga ba ce da za a sa yau a tuɓe gobe, kuma maganar ƙauri gaskiya ce, shi ma ya taɓa wucewa ta layin. Ya juya ga Asibi ya tambaye ta ko dole ne sai da asuba za a soya attaruhu. Ta ce a'a, tana iya soyawa da la'asar lokacin da maza ke kasuwa, ta ajiye. Ba wanda ya taɓa tambayarta ne kawai. Aka yi dariya, aka gyara sharaɗin lasisi: wuta tun asuba, suya sai da yamma.

Muna zauren Kaltum muna jiran Asibi, sai ga ta ta dawo. Sai ta zarce tasha, mu kuma muna leƙe. Ta sami direban motar da ke bi ta Dagona yana ɗaure kaya.

"Ɗana, in ka isa ka nemi Yaya Kalli. Ka ce ina gaishe shi, na gode. Ɗakin nan da ya kwashe mini, ya mayar da shinkafarsa ciki. Ba na zuwa."