Shafi Huɗu Tsakani

Uwani mai waina ba ta yi karatu ba, ko sunanta aka rubuta a jikin bango wucewa za ta yi. Amma kwanan wata ba ya ɓace mata. Saura kwana biyu Babbar Sallah ɗanta Rabi'u, tela, ya tashi daga kan keken ɗinki da hantsi, ya ce bari ya leƙa kasuwar Tarauni ya sayo wa ragon layya igiya. Ko wayarsa bai ɗauka ba. Shekara biyu ke nan da 'yan kai, babu shi babu labarinsa.

Ya bar matarsa Ummukulsum a ɗaki, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Ubanta ya taso daga Babban Giji ya kai magana kotu, alƙali ya ce ko a cika shekara huɗu ana jira, ko a kawo shaidar mutuwa a rubuce. Uwani ta dubi yarinyar, shekara ashirin da uku, kullum ƙara bushewa take kamar kuɓewar da aka manta a rana. Ta ce ita za ta nemo takardar. Uwa ta fita neman shaidar ɗanta ya mutu, wannan aiki ko maƙiyinka ba ka yi masa fatansa.

Malam Lawan, mai rubuta wasiƙa a bakin kotu, shi ya rubuta mata takardar neman bayani zuwa ga DPO. Ta ce masa saura kwana biyu Sallah, bara waccan. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke rataye, ya rubuta.

Zuwanta caji ofis bakwai. Yau DPO ya fita, gobe mai makullin sito ya tafi kwas, jibi an duba ranar babu komai. A na takwas ta shimfiɗa gyalenta a gaban kantar 'yan sandan, ta zauna ta miƙe ƙafa.

Wadda ke kan kanta ranar Sajan Mercy ce, 'yar Kagoro, doguwa mai tabarau.

"Mama, tashi ki hau benci. Ƙasa akwai sanyi."

"Bencinku ya san ni, har ya fara gaishe ni. Littafin nake so a fito da shi."

"An duba miki, Mama. Babu."

"Wa ya duba? A gabana? 'Yar nan, ni idan na ce wa mutum waina ta ƙare, buɗe masa kwanon nake ya gani."

Wani kofur ya yi dariya. Uwani ta juya.

"Kai kuma haƙoran na mene ne? Uwarka na gida tana jiran ka, shi ya sa."

Ya haɗiye dariyarsa. Sajan Mercy ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito rungume da wani ƙaton littafi da bangonsa ya ɓare. Ta buɗe ranar da ke cikin wasiƙar.

"To ga littafin. Ai ba za ki iya karantawa ba."

"Kunnena na aiki. Karanta, ki juya min da Hausa, kada ki tsallake ko ɗaya."

Sajan ta karanta. An ƙwace wa ɗaliba waya. Mai gida da ɗan haya sun yi dambe a Daurawa. Adaidaita biyu sun yi karo. An tsinci akuya. Ta kai ƙarshen shafi, ta rufe da tafin hannu.

Uwani ta ce, "Babu rago?"

"Wane rago?"

"Saura kwana biyu Sallah, a garin Kano, a wuni guda babu wanda ya kawo ƙarar an sace masa rago? Ɓarayin sun tuba ne? Wannan ba ranar ba ce."

Sajan Mercy ta cire tabarau ta dubi wasiƙar. Ta latsa waya ta duba ranar Sallar waccan shekarar, ta yi tsaki. Malam Lawan ranar Sallar bana ya ɗauka ya liƙa wa shekarar da ta wuce bara, ya manta Sallah ba ta zama wuri ɗaya a watan Bature. Mako uku cur tsakani. Kuma duk zuwa bakwai ɗin nan ba a samu mutum ɗaya da ya tambayi tsohuwa wace rana take nufi ba.

Ta riƙa juya shafi. Rago ɗaya. Rago biyu da tunkiya. Sai yatsanta ya tsaya.

"Mama, ki hau benci."

"Karanta."

"Ƙarfe sha ɗaya da rabi. Mota ta buge wani mutum a titin Gyadi-Gyadi, direba ya gudu. Ba a san sunansa ba. Ya cika kafin a kai asibiti. An samu tef ɗin awo a wuyansa, da sabuwar igiya." Ta tsaya. "Yana da yatsa shida a hannun hagu."

Uwani ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau ɗaya. Wanzami ya so yanke yatsan nan ranar suna, ita ta hana.

"Ina aka kai shi?"

"An ƙara a gefe: ya yi wata biyu a ɗakin gawa, babu wanda ya zo. Aka binne shi tare da wasu. Ba a rubuta maƙabartar ba."

"Babu wanda ya zo," in ji Uwani. "Juya gaba. Washegarin Sallah na zo nan da ƙafata, ban ko taɓa naman layya ba. Wani mai gashin baki ya rubuta, ya ce in je gida, samari haka suke, ya bi wata ne."

Sajan ta juya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ga shi nan: Uwani, Gyadi-Gyadi, tana cigiyar ɗanta, tela, mai yatsa shida.

"Shafi nawa?"

"Huɗu, Mama."

"Littafi ɗaya. Yana kwance a firji ina yawon gidajen rediyo. Ki yi min kwafin duka biyun, nasa da nawa, DPO ya buga hatimi. Ɗaya na alƙali ne. Ɗayan zan kai wa na sama da ku, su ji yadda kuke aiki."

Sajan Mercy ta yi kwafin shafukan biyu. Da kanta ta hau sama da littafin, ba ta sauko ba sai da hatimi.

Bayan la'asar Uwani ta kira Malam Sulaiman, limamin unguwa, ya zauna a zaure. Ummukulsum na bayan labule. Tun da ta ga fuskar surukarta ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ɗaura tsohon zane, ta shirya shiga takaba.

Liman ya sa aka karanta masa takardar, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tuntuni. Babu komai a kanta."

"Har takabar suka cinye mata," in ji Uwani.

Daga bayan labule Ummukulsum ta ce, "Inna, ko kwana arba'in ne ki bar ni in yi masa."

"Kin yi masa shekara biyu, ya isa. Gobe mu je kotu da safe. Za a shimfiɗa tabarma kwana uku, mutane su zo su yi mana gaisuwa kamar kowa. Ranar Juma'a babanki ya turo a kwashe kayanki."

"Ke fa, Inna?"

"Ni na haife shi, ni ba inda za ni. Tashi ki ɗora ruwa, mata za su fara shigowa."