Gangaren Malam

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Malam ta ƙofar falo kawai yake ganin tsakar gida, kamar hoton da aka rataye. 'Yar matakala ce tsakaninsa da inuwar lemo, amma sai an ciccibe shi da kekensa kamar buhu. Ya gaji da a ɗauke shi.

Autarsa ta kira kafinta. Kafinta ya jingina katako daga bakin ƙofa zuwa ƙasa, ya bubbuga shi.

"Ga titi, Baba."

"Titi ko zamiyar yara?" in ji Auta. "So kake sai a gidan maƙwabta za mu tsinto shi?"

Malam lissafi ya koyar har ya yi ritaya. Harshe ya yi nauyi, ido bai manta ba. Tsayin matakalar rabin tsawon katakon ne. Rabi. Sai ga aji ya buɗe a gabansa, garin alli na yawo cikin hasken taga, hannunsa na dama lafiya lau yana rubuta: in sayin kusurwa, wato tsayi bisa tsawo, rabi ne, digiri talatin ke nan.

Ya faɗa wa Auta lissafin, ta danna shi a waya, ta yamutsa fuska.

"Baba, ta ƙi ba ni amsa."

Ya leƙa, ya yi dariya da rabin baki. "Kin kifa shi. Tsayi a sama, tsawo a ƙasa. Biyu bisa ɗaya... babu wannan kusurwar a duniya."

Ya ɗan tsaya yana tunanin inda take. Katakon da bai kai tsayin da yake hawa ba. Wataƙila can take inda yake tafiya da ƙafafunsa idan ya yi gyangyaɗi.

Ta gyara. Talatin.

"To nawa kake so?"

"Ɗaya bisa sha biyu. Bai kai digiri biyar ba."

Kafinta ya riƙe haɓa. "Ai zai ratsa gidan nan, ya cinye wurin shanya."

"Shanya ta ƙaura," in ji Auta.

Ranar da aka gama, ta kama keken ta baya.

"Cika."

Ta cika. Keken ya silale a hankali, kamar ruwa ne ke tafiya da shi. Ya karkata, ya gogi gefen katako, Malam ya dafe tayar da hannun hagu, keken ya miƙe. Rana ta zame daga cinyarsa, inuwa ta hau.

"Baba, komawa fa? Hawa ba sauka ba ce."

Ya lumshe ido.

"Wa ya ce miki zan koma yanzu?"