Gwajin Ɗauke Wuta

"Goge shi," in ji Nu'uman.

"Ba zan goge ba."

"To ka sa a tsallake shi."

"Ja ya nuna. Ko na rufe shi, ja ne."

Ya daki tebur, sukudireba ya gangara ya faɗi. Bai ɗauka ba, ni ma ban ɗauka ba. Muna shagonsa na gyaran kwamfuta kusa da tashar Birnin Kudu, laftof a tsakaninmu. Layuka kore sun cika sikirin daga sama har ƙasa. Na ƙarshen ne kaɗai ja.

"Munzali, da safe da bakinka ka ce in aika."

"Da safe ban rubuta wannan gwajin ba."

"Wa ya sa ka rubuta shi?"

Ba wanda ya sa ni.

Rumbu nasa ne. Manhaja ce da ya rubuta saboda littafin mahaifinsa, Malam Ishiyaku na Gwaram, littafi kan zakkar amfanin gona. A can Malam yana faɗa, 'yarsa Yaya Zuwaira tana bugawa. A nan Nu'uman yana shigar da gyaran da malaman garinmu suka yi. Filashi ne ke kai da komo a aljihun direba. Rumbu yana ajiye kowane gyara da tarihinsa, in filashi ya iso ya haɗa na can da na nan.

Rariya tawa ce. Rubutun shel ne, umarni kan umarni, ni na koya wa kaina bayan mun gama sakandare. Aikinta ta gwada Rumbu. Kowane gwaji tana buɗe sabuwar folda, ta kafa rumbun ƙarya a ciki, ta rubuta, ta gyara, ta haɗa, ta duba abin da ya fito, sannan ta share wurin. In daidai ne ta ce kore. In ba daidai ba ta ce ja.

Bayan Babbar Sallah Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta ɗauke. Babin ƙarshe ya riga ya faɗa wa Yaya Zuwaira kafin ya kwanta. Babu takarda, babu ɗaukar murya. Tun da ciwon ya zo ba wanda ya sake tunawa da filashi, don haka babin yana cikin laftof ɗinta kawai, ba ya ko'ina. Yau da safe Nu'uman ya aika mata sabon Rumbu a motar direba Hamisu, don ta haɗa babin ya iso nan.

"Faɗa min abin da gwajin yake yi," in ji shi. "A hankali."

"Ina fara haɗi. Ana tsakiya in kashe Rumbu, kamar an ɗauke wuta. In mayar da agogo baya. In sake tashinsa."

"Sai?"

"Sai ya ci gaba da kansa, yadda ka tsara shi. Ya sa wa sabon babi kwanan da agogo ya ba shi. Ya ga tsoho ne. Ya danne shi da abin da ke filashi, tun bai ajiye shi a tarihi ba."

"Masifa biyu ka haɗa a kwano ɗaya. Wuta daban, agogo daban. Kuma na koya mata gyara kwanan wata duk sanda ta kunna."

"Laftof ɗinta ba ta riƙe caji. Ƙaramin batirin agogo ma ya mutu, kai ka ce za ka canza. In wuta ta tafi agogo ya tafi. Masifa ɗaya ce."

"Rariyarka ta sha yi min ƙarya. Ran nan ja ta nuna, na yini ina nema, ashe folda ka manta ba ka share ba."

Gaskiya ne.

Iska ta turo ƙofar shagon. Muka waiwaya tare. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗo ta wajen Gwaram. Duk wanda ya tashi a nan ya sani, iskar farko ke tafiya da wuta.

Nu'uman ya ɗauki waya ya kira Yaya Zuwaira. Ta yi ta ringi. Ya sake kira.

"Tana aji," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Na san dokar gidansu. Malam ne ya kafa ta: duk macen da za ta shiga darasin yamma, sai ta ajiye wayarta a faifai a bakin zaure. Har malamar, Yaya Zuwaira. Har Innarsu, da take zama a layin baya. Ba mai taɓa faifan sai an shafa addu'a.

"Me ta ce maka da safe?"

"Da an tashi za ta haɗa."

"Ka ce ta kwafi babin a wani wurin tukuna?"

"Rumbu ne kwafin."

Na rufe laftof na rungume ta. Ko kwaɗo bai tsaya ya sa wa shagon ba, maƙwabci ya yi wa magana a guje.

A tasha motar da ke kan layi ta Alhaji Safiyanu ce, mutum ɗaya tak a ciki, wata dattijuwa da buhun riɗi. Ya ce sai ta cika. Nu'uman ya sunkuya ya faɗa masa ɗan wane ne shi. Alhaji ya dube shi, ya tofar da ɓawon goro.

"A zauren Malam na koyi alwala. Ku shiga. Hajiya Talatu, yau kin samu motar gida."

"Ka dai kai ni da raina," in ji ta.

Muka zauna baya. Duwatsun gari suka wuce, gonakin gero da dawa suka fara. Nu'uman ya karɓi laftof ya ɗora a cinyarsa. Bai taɓa karanta Rariya ba, sakamakonta kawai yake dubawa. Yau ya buɗe cikinta. Na san abin da yake nema: wurin da jan nan ya yi ƙarya.

Mota na tsalle, yatsansa na bin layi. Wayarsa tana kunne, ya matse ta da kafaɗa, tana ringi a cikin faifai a wani gari.

Can ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Shi ke yanke hukunci. Kore ko ja."

"Na gani. Me yake dubawa?"

"Amsar umarni."

"Wanne? Gwajinka umarni ne a jere. In na tsakiya ya faɗi, na ƙarshe ya wuce lafiya?"

Na karɓa na duba. Na sake dubawa. Na ƙarshen kawai take saurara. Gwaji zai iya rushewa a tsakiya, in dai share foldar ya yiwu, sai ta ce kore.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun farko."

"Wato koren safe..."

"Bari in gyara."

Na bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya ina ɗaure umarnin da alamar &&, wadda ke hana na gaba tashi sai na baya ya yi nasara. Alhaji ya faɗa rami, na goge rabin layi, na sake rubutawa. Ɗigon ruwa ya fara sauka a gilashi.

"Samari, lafiya? Kun yi tsit kamar masu rakiyar gawa."

"Alhaji, bakinka," in ji Hajiya Talatu.

"Astagfirullah. To me kuke kallo a ciki, ƙwallo?"

"Taka ta, Alhaji," in ji Nu'uman.

Na tashi Rariya. Layuka suka fara sauka. Kore. Kore. Ja. Kore. Ja. Waɗanda suka yi watanni suna kore, yanzu ga su. Na ƙarshen ya zo, gwajin ɗauke wuta. Ja, kamar ɗazu. Shi tun asali a umarnin ƙarshe yake faɗuwa.

Nu'uman ya jingina kansa da kujera. Ya samu ƙaryar da yake nema, amma ba a inda yake so ba. Ni na ce a aika. Shi ya rubuta abin da aka aika.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Alhaji ya rage gudu, ya kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba. A wani ƙauye da muka ratsa, mai shago yana jan igiyar janareto a ƙarƙashin rumfa. Mun gani mu duka.

"Watakila ba ta fara ba," na ce.

"Watakila."

"In ta fara, laftof ta mutu mata a tsakiya, ka cire ma'ajiyar bayananta mu kwashe babin."

"Ba a cirewa. Irin mai araha ce, a like take da allon ciki."

"To kada a kunna ta."

"Har abada?"

Ya goge fuska da hula. Da ya sake magana, muryarsa ta dawo ta mai gyara.

"Rumbu ba ya tashi sai kwamfuta ta gama tashi. Kafin nan akwai baƙin sikirin ɗin nan na farko. In na shiga can na gyara agogo, zai ci gaba da kwanan gaskiya."

"Ka tabbata rabin aikin da ya bari bai lalace ba?"

"Ban tabbata ba. Rubuta gwaji."

Na rubuta. Fara haɗi, kashe shi a tsakiya, mayar da agogo baya, dawo da shi daidai, sannan tashi Rumbu, a duba babi harafi da harafi. Wannan karon shi ya karanta kowane layi kafin in danna. Ya sa na ƙara && a wuri ɗaya da na tsallake.

Muna shiga Gwaram amsa ta fito. Kore.

Na daɗe ina kallonsa. Launinsa ɗaya da na safe.

Wayar Nu'uman ta yi ƙara a hannunsa. Ya ɗauka, na ji muryar mace sama-sama.

"Yaya, kada ki taɓa ta," in ji shi. "Ko maɓalli ɗaya. Ga mu a ƙofa."

Alhaji ya kai mu har bakin zaure, ya ce a gaida Malam. Faifan yana nan a kan tabarma, babu komai a ciki. Mata sun watse, sai takalman mutanen gida da ruwa ya jiƙa.

Malam yana kwance a ɗakinsa, an tokare shi da matasai. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ɗaga hannun da ke motsi. Idonsa lafiya lau, ya bi ɗansa da kallo, ya bi ni, ya koma kan ƙaramin teburin da ke gefe. Laftof ɗin Yaya Zuwaira tana kai, a buɗe, sikirin baƙi. Filashi a jikinta.

"Na gyara kwanan wata yadda ka ce," in ji ta. "Na danna haɗi. Layin nan ya kai rabi aka ɗauke. Sai na ga kiranka rututu a waya. Me ya faru?"

Nu'uman ya ja ta bakin ƙofa. Ya faɗa mata a gajarce, ƙasa-ƙasa. Ba ta katse shi ba. Da ya zo kan babin, ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ba ni da shi a ka, Nu'uman. Hujjojin da ya kawo kan riɗi da gyaɗa, ban riƙe su ba. Bugawa kawai nake yi."

"Mun samu hanya. Mun gwada a mota."

Daga gado aka ƙwanƙwasa katako. Malam ne, da yatsa. Ya nuna laftof, ya nuna kunnensa.

"Kullum bayan darasi nake karanta masa babin," in ji ta. "In ya ji inda bai gamsu ba sai ya ƙwanƙwasa. Jiya mun tsaya a tsakiya." Ta ɗaga murya. "Yanzu, Baba. Wuta muke jira."

Kamar jira ake ta faɗa. Ƙwan ɗakin ya kama, fanka ta fara juyi a hankali. Ƙaramar fitilar caja ta yi haske a gefen laftof.

Nu'uman ya durƙusa gaban teburin. Ya goge tafinsa a riga. Ya ɗora yatsa ɗaya kan maɓallin kunnawa, ɗaya kan wanda zai kai shi baƙin sikirin. Na buɗe tamu na juya mata ita, don ta ga layin da idonta.

"Ga shi, Yaya. Kore ne."

Ta duba. Ta riƙe wuyan hannun ƙanenta, ba da ƙarfi ba.

"Da safe ka kira ni ka ce duk kore ne."

"Rariya, abin gwajina, ita ce ta samu matsala," na ce. "Na gyara."

"A mota."

"A mota."

Malam ya sake ƙwanƙwasa katako, sau biyu. Ba ta waiwaya ba, kuma ba ta saki hannun ba. Ni take kallo.

"Ita ke gwada Rumbunsa, na gane. To ita fa, Munzali, wa ya gwada ta?"