Tsimin Inna Indo

A gidan Inna Indo da ke Kekun Waje ba a kiran giya da sunanta. "Abin nan" ake cewa. Ko lokacin da ɗanta Lukuman ya ɗauko shanta a yawon dakon hatsi, ya dinga dawowa daga Tsafe yana tangaɗi, abin nan ne dai.

Lukuman da ƙafarsa ya je wurin likita a Gusau. Aka ba shi wata ƙwaya mai zafin kishi: muddin tana jikinka, ko ɗigon giya ka haɗiya sai jikin ya juya maka baya. Ya daina kuwa, har kumatu ya yi. Amma iyakar abin da ya faɗa wa uwarsa shi ne, "Inna, ina shan magani."

Ita kuwa a wurinta iska ce ta shiga yaron, yaushe ƙwaya ta taɓa korar iska? Ta samo saiwoyi, ta haɗa da gero da zuma, ta jiƙa a tulu ta rufe a gindin rumbu. Ta bar tsimin nan har ya fara tsiii, yana kumfa. Wayyo Indo! Murna ta yi, wai magani ya nuna.

Da hantsi ta cika ƙwarya ta miƙa masa. Ya kai hanci, ya tsaya. Wa ya fi shi sanin wannan warin? Ya dube ta.

"Inna, wanga..."

"Shanye, ɗana. Da hannuna na haɗa."

To da wane baki zai ce wa uwarsa, mai tabon salla a goshi, giya ta dafa? Ya shanye.

Fuskarsa ta ɗau zafi, ya shiga sheƙa amai yana dafe ƙirji. Indo ta yi hamdala, ga iska tana fita. Ta tallafi kansa ta ƙara masa.

A asibitin Gusau wata ma'aikaciyar jinya, Comfort, ta shinshina rigarsa, ta juyo ta ce, "Inna, wa ya ba shi giya?"

Kafin la'asar aka rufe masa fuska.

Indo ta fasa tulun tun ranar, amma har gobe in ta wuce gindin rumbu tana jin tsiii ɗin nan. Abin da ya fi cin ta kallon da ya yi mata ne, ƙwarya a hannu. Ya sani, wallahi ya sani.

Mata masu gaisuwa suna raɗa a tsakar gida: "Ashe komawa ya yi. Allah ya yafe masa." Tana jin su. Bai koma ba, kuma ita kaɗai ce za ta iya wanke shi. Takan buɗe baki, sai ta tarar babu yadda za ta faɗi ba tare da ta kira abin nan da sunansa ba.

Sai ta ce, "Amin."