Furen da Ya Ci Sunan Lhundrup

Pelmo ta daɗe a ɗakin bincike a birnin Xining tana niƙa ganyen wani shuɗin fure, wanda mahaifinta Lhundrup, mai maganin ƙauyensu, yake tsinkowa a bakin ƙanƙarar kan duwatsu yana dafa wa masu ciwon hanta. Abin da take karantawa shi ne rubutun gado da ke ɓoye cikin koren ganyen, wanda tsiro ke karɓa daga uwarsa kaɗai. Da na'ura ta gama jero shi, sai ga shi furen ya raba hanya da danginsa tun tale-tale, kuma masana ba su taɓa yi masa suna ba. Abokan aikinta suka ce raɗin suna nata ne. Ita kuwa, da zumuɗin a san ubanta, ta raɗa masa Lhundrup.

Tsohon bai jira ba. Ya rasu ana gab da buga binciken, kuma sai a lokacin Pelmo ta tuna abin da ko yaron kwarinsu ya sani: ba a kiran sunan mamaci. Kira yana sa ya waiwayo, ya kasa tafiya. Ko maƙwabcinsu, takwaran marigayin, tuni aka sauya masa abin kira. Ta roƙi a janye sunan, aka ce mata ta makara, ya fita, kuma irinsa ba ya gogewa.

Ta je gida da tsoro fal cikinta. Ta tarar da mahaifiyarta, Tsomo, wadda take kira Ama, tana ƙara man shanu da ludayi a fitilun da ta kunna wa mijinta. Pelmo ta yi ta kewaye-kewaye, kan dangin furen, kan darajar abin. Sunan dai ta kasa furtawa, sai ta ce na mai tafiyar ne ta raɗa wa furen.

Tsomo ta ajiye ludayin.

"Su wa za su riƙa faɗarsa?"

"Duk mai nazarin furen, Ama. A kowace ƙasa."

"Har yaushe?"

Pelmo ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta gyara lagwanin wata fitila da ke neman mutuwa.

"Tun da ya tafi nake cije harshena, ko a mafarki," in ji ta. "Ƙauye guda ya kama bakinsa don ya samu hanya. Ke kuma kin ba duniya sunansa, ta yi ta kira."